Katin Abdulghaffar

"Ni dai ladanin masallacinmu ne ya tare ni bayan sallar asuba yana yi mini barka, wai mabruk," in ji Abdulghaffar. "Na ce mabruk ɗin mene ne, ya ammi? Ya ce na aure mana. Ka ji fa, ni da ko lambar budurwa ɗaya babu a wayata."

"Wataƙila wani Abdulghaffar ɗin ake nufi," Alkasim ya ce, bai ɗago daga sarƙar keken da yake gogewa ba.

"Eh, wani ake nufi. Kai ake nufi, ya shekh."

Sai a lokacin hannun Alkasim ya tsaya. Abdulghaffar ya jawo akwatin lemo ya kife a tsakiyar ɗakin ajiyar kekuna na nadi, wato kulob ɗinsu na tseren keke, ya zauna har katakon ya yi ƙara, ya buɗe mutabbaƙ, soyayyen fanke mai nama a ciki, da zafinsa a cinya, ya shiga ba da labari yana ci yana lasar yatsa. Wai dattawa biyu ne masu dogayen huluna irin na Kanawa suka yi kwana uku suna zarya a Aziziyya, unguwar su Abdulghaffar, suna tambaya a kansa. Sun zauna da liman, sun zauna da mai bakala, wato kantin bakin layi, sun sha shayi a gidan maƙwabci. Yana sallah? Yana da faɗa? Waye ubansa? Da gaske ɗan ƙasa ne ko cika baki ne? Shi kansa ba su nemi ganinsa ba, don binciken aure a ɓoye ake yin sa. Daga ƙarshe suka zaro yankin jarida daga aljihu. Liman ya kai takardar har bakin hancinsa, ya ga mutum a kan keke da hular kwano da baƙin tabarau, ya karanta sunan da ke ƙasa, ya ce tabbas shi ne, tun yana yaro da keke aka san shi. Mai bakala ne kaɗai ya ce kamar na hoton ya fi ramewa, amma 'yan jarida ba abin da ba su iya ba.

Alkasim ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci. Ya san jaridar, don shi ya yanke ta da almakashin mahaifiyarsa.

A Jidda aka haifi Alkasim, a wani ɗaki mai rufin kwano a Sa'alaba, shekara biyu bayan iyayensa sun zo aikin hajji daga Damagaram suka zauna. Larabci ya fi Hausa gudu a bakinsa, bai taɓa ganin Nijar ba sai sunanta a bangon fasfo, amma a takarda baƙo ne, gasar da nadinsu ke shiga kuwa ta 'yan ƙasa ce. Shi kuma Abdulghaffar jikan Hausawan da suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa ne, ɗan ƙasa cikakke, yana da katin tsere tun yana ɗan shekara sha biyar. Shekara biyar da suka wuce ya faɗi a gangaren dutsen Hada ya karya ƙashin kafaɗa, ya rantse shi da keke har abada, ya sami aiki a tashar jirgin ruwa, ya ajiye tumbi. Katinsa ya rage a aljihun Kaftin Hussaini, mai horar da 'yan nadin. A kwanakin ne Kaftin ya lura da wani siririn saurayi mai kai burodi a kan baƙin keke mai nauyi, wanda kullum yake manne wa 'yan tserensa a baya a hanyar Madina, da kwandon burodinsa da komai, kuma ba sa iya yar da shi. Kaftin ya dubi saurayin, ya dubi katin. Hoton ya koɗe, na yaro ne ƙarami, a ƙarƙashin hular kwano kuwa babu mai ƙura wa fuska ido.

Haka Alkasim ya zama ɗan tsere mai albashi. Shugaban nadi ya zama kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, aka rubuta masa direban gida a iƙama, takardar izinin zama, shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa. Aikinsa ya shiga gaba ya tare wa 'yan uwansa iskar teku da ƙirjinsa, ya ja su har kusa da layi, sannan ya kauce. Kaftin kan ce na uku halal ne, na biyu makaruhi, na ɗaya haramun, saboda wanda ya zo na ɗaya ana ɗaukar hotonsa, ana iya kiransa sansanin ƙasa, a can kuma ba kati ake tambaya ba, fasfo ne.

Shekara biyar yana kiyaye haramun ɗin nan, sai watan jiya a hanyar Usfan. Ya ja ayari kilomita tamanin cikin iska, ya waiga don ya ba gwaninsu hanya, sai ya ga wayam. Tayar gwanin ta yi faci, sauran kuma iska ta tarwatsa su can baya. Ya rage gudu. Ya sha ruwa. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, har mutanen bakin hanya suka fara ɗaga masa hannu suna tambayar lafiya. Layi na nan gabansa fari tas, ba dama mutum ya tsaya ya jira a idon jama'a. Ya haye da kai a sunkuye kamar wanda ya yi sata, amma a cikin ƙirjinsa wani abu ya buɗe wanda bai san yana da shi ba, wani daɗi mai kama da kuka. Washegari ya sayi jarida, ya yanke hoton, ya ba Luba.

Luba 'yar Alhaji Muntaka ce, mai tsiren da ya fi kowane suna a Sharafiyya. Inno, mahaifiyar Alkasim, ita ke daka wa shagon garin ƙuli da yaji, Luba ce ke zuwa karɓa duk Litinin. Ran da ta fara shiga ɗakinsu ta ga keke rataye a bango, daidai inda mutane ke rataye hoton Ka'aba, ta yi dariyar da ta sa mayafinta ya zame. Tun daga dariyar nan Alkasim bai ƙara zama daidai ba. Yakan yi kilomita ɗari yana bitar kalma uku da ta faɗa, yana juya su, yana neman abin da ta ɓoye a ciki. Mai keke take kiransa. Da ya miƙa mata hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa mai lalle a kan rubutun ta tambayi waye kuma Abdulghaffar.

"Sunan takarda ne," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba. Me za ta tambaya? A cikin Hausawan Jidda da wuya ka sami gidan da babu mai suna biyu, na gida da na takarda. Ita kanta a iƙamar gwaggonta take, da sunan Mariyamu, a matsayin 'yar gwaggon ta uku. Ta kai hoton wurin mahaifiyarta, mahaifiyar ta kai wa Alhaji, Alhaji ya ɗauka Alkasim sunan gida ne, ya tura dattawa su bi sunan takarda. Shi kuwa Alkasim bai yi ƙarya ba. Abin da ya yi ta gaya wa kansa ke nan yana kallon Abdulghaffar yana suɗe yatsu, bai yi ƙarya ba, amma ya kasa gane dalilin da ya sa gaskiyar tasa take ɗaci haka.

Ana cikin wannan Kaftin Hussaini ya shigo da agogon tsere a wuya, ya ji ƙarshen labarin, ya sa aka maimaita masa daga farko. Ya zauna a kan benci ya dafe furfurarsa da hannu biyu. Bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. A hankali ya shiga lissafa wa Alkasim abin da zai biyo baya idan Alhaji ya ji gaskiya. Shagon tsire majalisa ce, abin da aka faɗa da la'asar kafin isha ya zaga Sharafiyya, kafin Juma'a ya isa kunnen masu riƙe da rajista. Za a rufe nadi, 'yan tsere goma sha ɗaya su watse, Abdulghaffar ya amsa tambayoyi a wurin aikinsa, shi kuma Alkasim a sa shi a jirgi. Ga tseren hawan Hada jibi Alhamis, wanda suka yi wata huɗu suna shiri dominsa, kuma babu mai iya jan ayari a kan dutsen nan sai shi. Ya roƙe shi ya yi shiru zuwa bayan Alhamis. Da ya ga Alkasim bai musa ba, sai ya ƙara da cewa ko zuwa ƙarshen kakar bana ma, ai yarinyar tana nan ba inda za ta.

"Anya kuwa, Kaftin," in ji Abdulghaffar yana goge baki. "Ummi ta ji labari. Tun jiya take tambayar mata wace ce 'yar mai tsire, wai Allah ya kawo mata suruka har ƙofar gida. Na ce ba tawa ba ce. Ta ce to ta wa ce, tunda sunanka aka tambaya?"

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a hanya. Ya dubi Alkasim ya rantse da Allah shi ba ruwansa, sai dai kowa ya san mahaifiyarsa idan ta sa abu a gaba.

Alkasim ya sauke kekensa ya fita. Ya bi ta bayan tasha ya hau Kurnish, titin bakin teku, ya miƙe arewa, rana ta riga ta ɗaga, damshin teku ya manne masa riga a baya. A aljihun rigar akwai wata 'yar takarda da ta yi wata uku tana shan gumi, lambar wayar Maman Lawali ce. Wani ɗan kasuwa ne mutumin Nijar mai haukan keke, yana da ƙungiyar tsere a Yamai. Ya zo umara ya ga Alkasim yana atisaye, ya bi shi da tasi har Sa'alaba, ya ce masa cikin Hausa mai gauraye da Faransanci ya zo ya hau masa. Bai ɓoye komai ba. Kekunansu tsofaffi ne, hanyoyi da ramuka, albashi bai kai na nan ba, amma ana zuwa Wagadugu ana zuwa Bamako, kuma sunan mutum ake kira a lasifika. Yanzu ma yana gari, ranar Asabar zai tashi. Sai dai barin nadi barin kafili ne, barin kafili kuwa hatimin fita ta ƙarshe ne a fasfo. Wanda aka buga wa shi ba ya dawowa Jidda sai a matsayin baƙo mai ƙidayayyun kwanaki.

Yana tuƙi yana gina shawara tana rushewa. Ya ce zai zauna ya yi shiru, sai ya tuna ranar ɗaurin aure takardar gaske za a nema, ba hoton jarida ba. Ya ce zai faɗi gaskiya ya zauna, sai ya ga fuskar Kaftin, mutumin da ya saya masa takalmin tsere na farko, wanda ya ɗauki makarar mahaifinsa a kafaɗa tun daga masallaci bai ba kowa ba. Ya ce zai tafi, sai ya tambayi kansa ina ne can ɗin, ƙasar da ko gaisuwar ofis ɗinta bai iya ba, inda za su ji Hausarsa su ce Balarabe, kamar yadda a nan ake ganin fatarsa a ce Takari. Ya ce to ya haƙura da Luba, sai ƙafafunsa suka daina juya feda da kansu, keken ya yi ta gangarawa har ya tsaya a gaban wani masunci da ya dube shi ya kau da kai. Ya daɗe a wurin. Tekun nan ya san kalarsa ta kowace sa'a, ya san inda iska ke juyawa bayan kowane gini, ya san garin nan da cinyoyinsa fiye da yadda masu shi suka san shi da motocinsu. Amma duk abin da ya yi a cikinsa an rubuta wa wani. Har soyayyar da ya yi, ita ma ga shi an kai ta Aziziyya.

Da ya koma gida ya tarar da Inno a tsakar gida tana tankaɗen garin ƙuli. Shi ne ɗanta na fari, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce kai wannan, ko ta yi gyaran murya. Ya tsuguna gefenta ya zayyane mata komai. Ta saurara rariya na tafiya a hannunta. Da ya tambaye ta yadda Damagaram take, ta ce ta manta, sannan ta yi rabin sa'a tana ba shi labarin rijiyar gidansu da wata bishiyar kurna da ke bayan masallaci. Ta ce ita kam nan za a binne ta kusa da mijinta, ba ta komawa. Ta ce Kaftin uba ne, ba a yi wa uba butulci. Can kuma ta ce mahaifinsa ya rasu yana takaicin bai taɓa jin an kira ɗansa a gaban jama'a ba. Alkasim ya tambaye ta to ya zauna ko ya tafi.

"Kai wannan, ni na bar tawa uwar tana kuka a bakin tasha," ta ce. "Da wane baki zan riƙe ƙafar wani?"

Ta ci gaba da tankaɗe, hawaye na sauka a cikin garin. Ya tashi ya fi yadda ya zauna rikicewa.

Bayan magariba ya hau rufin maƙwabta inda waya ta fi kamawa, ya jingina da tankin ruwa mai ɗumi ya kira Luba. Muryarta cike da murna ta ɗauka, tana cewa Baba tun jiya yake fara'a, har ya ba almajiransa na shago hutun rabin yini. Alkasim ya rufe ido ya faɗa mata, tun daga kwandon burodi har zuwa ladanin Aziziyya. 

Da ta yi magana muryar ta zama ƙarama. Ta ce ran da dattawa suka dawo suka ce ɗan ƙasa ne, ta shiga banɗaki ta yi kukan daɗi, don ta ga ranar da za ta daina zama Mariyamu, ranar da za ta ga motar 'yan sanda ba ta canza hanya ba.

"Na yi murna, mai keke. Yanzu kuma ban san ko murnar taka ce ko ta takardar ba. Wallahi ban sani ba, kuma ina jin kunyar kaina."

Ya so ya ji haushi, ya nemi haushin ya rasa. Ya gaya mata maganar Yamai. Ta ce ita ko fasfo da sunanta ba ta da shi, ta ina za ta bi shi, sai dai a fara nema tun daga tushe, abin da kan ci shekaru. Ya tambaye ta ko za ta jira. Ta ce kada ya sa ta yi alkawari a waya alhali kanta na juyawa. Abu ɗaya ta roƙe shi, ya je ya gaya wa Baba da bakinsa, kafin tsohuwar Aziziyya, uwar Abdulghaffar, ta riga shi.

Ranar Laraba da safe ya gaya wa Kaftin zai je Sharafiyya. Kaftin ya yi lallashi, ya yi fushi, ya fita ya dawo, daga ƙarshe ya cire agogon tsere ya ce to shi ma za shi. Wanda ba shi da uba ba ya zuwa gaban surukai shi kaɗai, kuma in asiri zai tonu gara yana wurin ya roƙi a rufa.

Bayan la'asar suka isa. Hayaƙin tsire ya cika layin, garwashi ya yi ja, Alhaji Muntaka na tsaye a bakin tukuba da kansa duk da yana da ma'aikata, don ya ce wuta ba ta jin maganar kowa sai tasa. Yana hango su ya ware hannuwa ya kira Alkasim da sunan Abdulghaffar, yana cewa surukina, ya sa aka shimfiɗa darduma a lungun ciki, aka kawo tsire mai kitse da albasa da shayi. Alkasim ya dubi naman, bai taɓa shi ba. Ya durƙusa, ya ce Baba ku yi haƙuri akwai magana, sannan ya fara. Hausarsa ta riƙa ƙwace masa yana kamowa da Larabci, yana komawa baya yana gyara abin da ya riga ya faɗa, har sai da Kaftin ya karɓa ya ƙarasa, ya ɗora wa kansa laifin duka, ya roƙi Alhaji don Allah maganar ta tsaya a lungun nan.

 Alhaji ya tashi ya koma bakin wuta, ya juya tsinke goma sha wani abu ɗaya bayan ɗaya, ya barbaɗa yaji, ya sallami wani mai saye, sannan ya dawo ya zauna. Ya ce shi da fasfon marigayi yayansa ya shigo ƙasar nan shekara talatin da suka wuce, har yau in ya je asibiti sunan mamaci ake kira ya amsa, saboda haka ba shi ne zai tona wa wani asirin takarda ba. Maganar ta mutu a nan, ko matarsa ba za ta ji zancen nadi daga bakinsa ba.

Kaftin ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana godiya kamar zai yi kuka. Ya juyo ya daki kafaɗar Alkasim ya ce halas, shi ke nan, Allah ya rufa asiri, gobe da asuba mota za ta tashi zuwa gindin Hada, ya ci naman nan ya je ya huta. Alkasim ya ji sauƙi ya sauko masa har ƙafa. Ashe abin mai sauƙi ne haka. Zai zauna a garinsu, kusa da Inno, kusa da teku, komai ya koma yadda yake. Har ya miƙa hannu ya ɗauki tsinke ɗaya.

"Sai dai maganar yarinya," in ji Alhaji. "Binciken da na yi na wani ne. Dole in sake."

"Haka ne, Baba."

"To ina zan tura su, ɗana? Ka taimake ni, don ni kaina ya ɗaure. In sun je nadi, Kaftin da bakinsa zai ce babu mai wannan suna. In sun je gidan kafilinka, a ce direba ne wanda ba a taɓa gani a mota ba. In sun ɗauki jarida, ta mai da su Aziziyya. Shekara biyar kana aiki, wa zai tsaya a gaban dattawa ya ce ya san aikin Alkasim?"

 Alhaji ya ce shi bai ce a'a ba, bai kuma ce eh ba. Ya ƙara da cewa ɗazu da hantsi wata Hajiya daga Aziziyya ta aiko da gaisuwa da kwalin dabino, bai ba da amsa ba, kuma ba zai bayar ba sai abin da Luba ta ce, don shi ba ya yi wa 'ya'yansa dole. Amma shi uba ne, yana son ya san hannun wa zai sa 'yarsa, da kuma sunan da za a rubuta wa jikokinsa.

Alkasim ya ajiye tsinken. Ya dubi Kaftin, ya ga tsoho mai gajiya wanda ya so shi da gaske, wanda kuma zai ci gaba da son sa a haka, da katin wani, har ranar da ƙafafunsa za su gaza. Bana zai ce a jira ƙarshen kaka, baɗi ma haka. Ya yi tunanin Inno ita kaɗai a ɗakin nan, ya yi tunanin Luba wadda ba ta yi masa alkawarin komai ba, wataƙila ma kafin ya sauka daga jirgi an kai kayan Aziziyya. Bai san ko daidai ne ba. Ko kusa bai sani ba, zuciyarsa na ce masa ya yi shiru ya ci nama. Sai kawai ya ji muryarsa ta fita, a Hausa zalla, ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba.

"Kaftin, ka yafe mini. Gobe ba zan hau Hada ba, na bar nadi. Ka mayar wa Abdulghaffar katinsa, ka roƙar mini shugaba ya buga mini fita, zan bi Maman Lawali Yamai. Baba, in Luba ta yarda ta jira, ku ba ni shekara guda, sannan ku tura dattawa can su tambayi Alkasim."